Farin tayil duk ɗaya ne? Muhawarar 'yan gida a kan bangon kicin

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema kafin Asabar. An gama filastar kicin ɗina, saura tayil. Ƙananan fararen nan nake so, waɗanda ake jerawa kamar ginin bulo, masu shago suna ce musu sabwe. Jiya na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa aka nuna min iri uku, duka farare masu ƙyalli. Na farko shi ne mai araha. Na biyu ya fi shi da rabin kuɗinsa. Na uku an ce na Sifen ne, kwalinsa ninki biyu na na farkon. Na jera su a kan tebur na duba na sake dubawa, wallahi idona bai ga abin da ya raba su ba. Wanne zan ɗauka?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ai kin ba kanki amsa. Farin tayil farin tayil ne. Ba zane a jikinsa balle a ce na wani ya fi kyau, ba ƙasa za a shimfiɗa shi ba balle a ce takawa za ta cinye shi. Yumɓu ne aka gasa aka shafa masa fari. Duk wanda ya biya ninki biyu a kan wannan, sunan ƙasa ya saya, ba tayil ba. Ɗauki mai arahar, ragowar kuɗin ki sa a kabad.

Baban Sadik: Yaya, a gafarce ni, wannan maganar ba zan bari ta wuce ba. Shekarata nawa ina sayar da kayan nan. Fari shi ne ma launin da ba ya rufa wa kowa asiri. Mai zane yana ɓoye tabo da karkata, fari kuwa da an kunna fitila komai ya fito fili. Araha ba ta ado.

Yaya Babba: Kai ɗan kasuwa ne, a kan mai tsada ribarka ta fi yawa.

Baban Sadik: Haka ne, ban musa ba. Amma ba a shagona za ta saya ba, ni ba na ajiye ƙananan ma. Ba abin da zan ci a ciki.

Auta: Anti, kafin a yi nisa, guda nawa ne a kowane kwali, kuma mene ne girman kowanne? Yana rubuce a gefen kwalin.

Maman Iman: Na rubuta a takarda. Na farko da na biyu santimita 10 da 20 ne, guda 50 a kwali. Na Sifen ɗin ya fi ƙanƙanta, 7.5 da 15, guda 44 a kwali.

Auta: To lissafin ya canza. Guda 50 na 10 da 20 sukwaya mita ɗaya cif suke rufewa. Guda 44 na 7.5 da 15 rabin mita ne kawai, sai an haɗa kusan 89 kafin a cika mita ɗaya. Kenan kwali biyu na Sifen ne ke yin aikin kwali ɗaya na waɗancan. Ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne.

Maman Iman: Innalillahi. Mai shagon bai ce min komai a kan wannan ba.

Baban Sadik: Kuɗin kwali kika tambaya, shi ya faɗa miki. Daga yau duk inda kika shiga ki ce nawa ne mita. Kwali ba ma'auni ba ne, wani rabin mita ne, wani mita ɗaya, wani mita ɗaya da rabi.

Yaya Babba: Kun ga maganata ta ƙara ƙarfi. Ninki huɗu a kan abin da ita kanta mai sayen ba ta ga bambancinsa ba!

Maman Hanif: Yaya, bari in sa baki tunda abin daga nan inda muke ya samo sunansa. Tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na birnin New York, wanda ake ce wa sabwe, da aka buɗe a 1904, su aka yi wa bango da irin wannan jerin, inci 3 da inci 6, wato 7.5 da 15 ɗin da Auta ya faɗa. An zaɓi fari mai ƙyalli ne don yana mayar da haske a wurin da rana ba ta shiga, kuma yana wankuwa. Abin da nake so ku sani, a nan Amurka farin sabwe na gama-gari yana cikin tayil mafi araha a manyan shagunan kayan gini. Shi ake sa wa a gidajen haya. Wanda ke tsada shi ne na hannu, wanda ake yi ɗaya-ɗaya, shi kuma da gangan ake barinsa da ɗan karkace-karkace. Ni abin da ke damuna, kayan da nan na talaka ne, in ya je gida sai ya koma kayan alfarma.

Baban Sadik: Dalilin a bayyane yake. Muna da masana'antun tayil a ƙasar nan, a Ajaokuta ta jihar Kogi, da jihar Ogun, da Benin. Amma abin da suka fi bugawa shi ne manya, 25 da 40, 30 da 60, da na ƙasa 60 da 60, don su kasuwa ke ja. Ƙananan nan akasarinsu shigo da su ake yi, daga Chana, Indiya ko Sifen. Kin ga akwai dala a kansu, ga kwastan, ga kuɗin mota daga Legas zuwa Kano, ga wanda ya fashe a hanya. Duk mai saye ne ke biya.

Yaya Babba: Ka faɗa da bakinka. Kuɗin jirgi da na kwastan ake biya, ba inganci ba.

Baban Sadik: Wani ɓangare haka ne, ba duka ba. Mai arahar ma ai jirgin ya hau, kwastan ɗin ya biya. Me ya sa ya fi ɗan'uwansa sauƙi da yawa haka? A nan ne tambayar take. A masana'anta, bayan an fito da tayil daga wuta ana tace shi. Akwai zaɓin farko, akwai na biyu da ake ce wa kamasha, wani wurin har da na uku. Duka layi ɗaya suka fito, amma na biyun shi ne wanda aka ga ɗigo a fuskarsa, ko kusurwa ta ɗan guntule, ko ya ɗan lanƙwashe, ko girmansa ya kauce. Irinsa ake kwasowa da araha. Ki ɗauki guda ɗaya a hannu ba za ki gane ba, don a shago mai kyaun ake zarowa a nuna miki. Sai an buɗe kwali goma.

Auta: Akwai ma ƙa'idar duniya a kan haka, ISO 13006. Kafin a kira tayil zaɓin farko, dole aƙalla kashi 95 cikin 100 su zama ba wani aibi da ido ke gani a fuskarsu. Kuma a gefen kwalin kamfanin kirki za a ga lambobi biyu, ta launi da ta girma. Fari ba ɗaya ba ne, Yaya. Akwai mai ɗaukar ruwan madara, akwai mai ɗaukar shuɗi-shuɗi, akwai mai toka-toka. Ko kamfani ɗaya ne, gashin yau da na wata mai zuwa sukan ɗan bambanta. In kwalayen lambarsu ba ɗaya ba ce, bango zai fito da faci-faci.

Gwaggo: Ni ban san lambobinku ba, amma na san girki. 'Yata, tambayar da ba wanda ya yi ita ce, wa zai wanke? Bangon da ke bayan murhu yana shan manja, yana shan tururin miya, ranar suyar naman Sallah kuwa ba a magana. Tayil ɗin kansa ba ya ba ni wahala, da soso da omo ya fita. Tsagar da ke tsakani ita ce masifa. Farin simintin da ake cikewa da shi, wata shida ya koma ruwan goro, shekara ɗaya ya koma baƙi, kuma ko da burushin haƙori kika bi shi ba ya komawa yadda yake. Nawa manya ne ina fama, ke kuma ƙanana kike so, tsaga a ko'ina.

Ɗan Gwaggo: Umma ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Yaya Babba, Baban Sadik, duk ku biyun kuna magana a kan kwali, ni kuma da hannuna nake manna abin nan kullum. Ku bar ni in yi muku lissafin aiki. Maman Iman, kicin ɗin nawa ne girmansa, kuma har ina za a kai tayil ɗin?

Maman Iman: Mita 3 da mita 3 da rabi. Har sama nake so, kamar yadda kowa yake yi.

Ɗan Gwaggo: Zagayen bango mita 13. In aka kai tsawon mita 2.4, aka cire ƙofa da taga, za a samu kamar mita 28. Da tayil ɗin 25 da 40 da muka saba, guda 10 ne a mita, guda 280 kenan na gama. Da 10 da 20, guda 1,400 zan ɗauka ɗaya-ɗaya in shafa in manna in daidaita. Da ƙaramin na Sifen kusan 2,500. Tsagar da Umma ke magana kuwa, a 25 da 40 mita 6 da rabi ce a kowace sukwaya mita, a 10 da 20 mita 15 ce, a ƙaramin mita 20. Kicin ɗinki da 10 da 20 zai ɗauki tsaga mai tsawon mita 420. Duk wanda ya ce zai yi miki wannan aikin a kuɗin da ake sa manya, ko bai taɓa yi ba, ko zai yi miki na gaggawa.

Abin da ya sa nake jin tsoron mai araha shi ne nan. In tayil ɗaya ya fi ɗan'uwansa da milimita ɗaya, a babban tayil zan ɓoye shi a tsaga. A ƙarami, layi goma sha biyu ne daga kan kanta zuwa mita ɗaya da ɗan wani abu, kowane layi yana ɗora kuskurensa a kan na ƙasa. Kafin in kai taga layin ya fara hawa dutse. Sai in tsaya ina tsince su, dogaye gefe, gajeru gefe, masu ciki gefe. Kwana biyu ya koma huɗu. Kuma jerin bulo yana da wani hali: ƙarshen tayil ɗaya yana zama daidai tsakiyar na ƙasansa. In tayil ɗin yana da ɗan tudu a tsakiya, to wurin da ya fi tudu ya haɗu da wurin da ya fi kwari, sai baki ya fito. Da rana ba za ki lura ba, da daddare in fitilar ƙarƙashin kabad ta haska daga sama, kowane baki sai ya yi inuwa.

Yaya Babba: Wannan matsalar ma'aikaci ce. Gwani ya san yadda zai yi da shi.

Ɗan Gwaggo: Gwani zai rage, Yaya, ba zai miƙar da abin da wuta ta lanƙwasa ba. Kuma lokacin da zai ɓata wajen ragewar, ita za ta biya.

Baffa: Na karanta duka. Shekara talatin na yi ina duba gine-gine kafin in ajiye aiki, bari in faɗi nawa. Babba, kana da gaskiya a abu ɗaya, kuma ina so a ba ka ita. Yawancin abin da ake ƙara wa tayil kuɗi saboda shi, bangon kicin ba ya buƙatarsa. Za a ce miki wannan fosilin ne, ba ya shan ruwa. Gaskiya ne, fosilin abin da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, tayil ɗin bango na gama-gari kuwa yana shan fiye da kashi 10. To sai me? Ruwan ta fuska yake zuwa, fuskar kuma gilashi ce a dukansu. Shan ruwan bayan ma shi ke sa ya kama siminti da kyau, sai dai masu aiki na jiƙa shi a baho kafin su manna don kada ya shanye ruwan simintin. Fosilin in aka sa shi a bango da siminti da yashi kawai, ba tare da gam ɗinsa ba, yana iya saki, na ga wanda ya zubo. Za a kuma juya miki bayansa a ce kin ga wannan farin baya ne, wancan jan baya ne, fari ya fi. Wannan launin ƙasar da aka haƙo ne. A yankin Kastiyon na Sifen, inda mafi yawan tayil ɗin ƙasar ke fitowa, sun daɗe suna yin mai jan baya kuma mai kyau ne.

Inda na rabu da kai shi ne cewarka duk ɗaya ne. Akwai wani ciwo da tayil ke yi wanda ba a ganinsa ranar saye. In ba a gasa jikin ya nuna sosai ba, a hankali yana shan danshi yana ɗan kumbura, gilashin da ke fuskarsa kuma ba ya kumbura tare da shi. Sai fuskar ta tsattsage siriri-siriri kamar yanar gizo. Ba ya faɗuwa, ba ya fashewa, amma maiƙo yana shiga tsagar ya zauna, kuma a kan fari ba abin da zai fitar da shi. Na ga wannan a wani gida da na duba, bayan damina biyu, bangon bayan wurin wanke-wanke gaba ɗaya. Masana'antar kirki tana gwada wannan da tukunyar tururi mai matsi kafin kaya su fita. Wanda ba ka san wa ya yi shi ba, ba ka san ko an gwada ba.

Yaya Babba: Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Amma Baffa, gida ɗaya kuka gani a cikin nawa? Ni gidajen haya huɗu na sa wa mai araha, shekara bakwai yanzu, ba wanda ya tsage.

Baffa: Manya ka sa ko ƙanana? Kuma kwalin akwai sunan kamfani?

Yaya Babba: Manya ne, na gida Najeriya. Akwai suna.

Baffa: To ai ba mu saɓa ba a nan. Kai mai araha ka saya wanda aka san mai shi. Na gida yana da tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, in ya ɓaci akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ni ba tsada nake karewa ba. Ina cewa ne kada ta sayi kayan da ba su da uba.

Maman Iman: Baffa, yanzu da na tuna, kwalin mai arahar ba wani suna a jiki sai hoton tayil da girmansa. Na tsakiyan akwai suna da lambobi da ƙasar da aka yi shi.

Baban Sadik: Shi kuma na Sifen ɗin ki juya bayansa. Galibi suna buga sunan ƙasar a jikin yumɓun kansa, ba a kwali kawai ba. Kwali kowa na iya bugawa. In babu a baya, ki tambayi dalili. A kasuwa kalmar "na Sifen" wani lokaci tana nufin mai kyau ne kawai a bakin mai sayarwa.

Maman Hanif: Ni fa tambayata ita ce me ya sa sai har sama. A nan tsakanin kanta da kabad na sama kawai ake sa wa, kamar santimita 45 zuwa 60. Sauran bangon fenti ne. In kantarki mita 5 da rabi ce, mita 3 da ɗan kai kawai kike buƙata, a ce 5 in an ɗaga bayan murhu. A mita 5 ko na Sifen ɗin kika saya ba zai karya ki ba.

Gwaggo: Can ba ku suya irin tamu, kuma kuna da na'urar zuƙe hayaƙi da wutar da ba ta ɗaukewa. Nan fenti a kicin shekara ɗaya ya yi baƙi. Ga ƙurar hunturu tana manne wa maiƙo. Har sama shi ne daidai.

Auta: Gwaggo, ana iya raba shi. Bangon da ido ke gani, na murhu da na wanke-wanke, a sa ƙananan. Sauran bangon biyu da bayan firji a sa babban fari na gida. Bayan kabad na ƙasa kuwa ba dalilin sa mai tsada a wurin da ba wanda zai sake gani.

Ɗan Gwaggo: Yana yiwuwa, amma a haɗa su a kusurwa, kada a haɗa a tsakiyar bango, don farinsu ba zai zo ɗaya ba, kaurinsu ma haka. Akwai kuma babban tayil da ake yi wa layi-layi a fuska ya yi kama da ƙananan. Yana da saurin sa wa, tsagar gaske kaɗan ce. Ni dai ba ya burge ni, don duk inda biyu suka haɗu ana gane wa. Abin da ba zan yarda a yi miki ba shi ne a sayi babba a yayyanka da giranda a ce an yi sabwe. Gefen zai zama da kaifi, ba gilashi a bakinsa, nan maiƙo zai fara kamawa.

Maman Iman: Mai shagon ya nuna min wani mai gangaren baki, tsakiyarsa ta ɗago. Ya yi kyau ƙwarai.

Ɗan Gwaggo: Irin na tashoshin jirgin Faris ne. Yana da kyau, amma duk inda aka yanka shi, a kusurwa ko a zagayen soket, kaurin tsakiyar yana fitowa, sai an yi dabara. Kuma kwarin da ke tsakaninsu ya fi zurfi. Tambayi Umma wa zai wanke.

Gwaggo: Shafaffe za ki saya.

Baffa: Gani ya kori ji. Kada ki sayi kwali talatin gobe. Sayi kwali ɗaya na mai araha, ɗaya na tsakiya, ki roƙi guda uku ko huɗu na Sifen. Kada ki karɓi wanda aka buɗe, ki nuna na ƙasan jeri. In kin zo gida ki haɗa biyu-biyu fuska da fuska ki danna kusurwa, in suna rawa akwai lanƙwasa. Ki tsayar da goma a kan tebur kamar kati ki shafa samansu da yatsa, za ki ji wanda ya fi tsawo. Ki shimfiɗa duka a tsakar gida da safe ki ja baya ki dubi launin. Ki ƙwanƙwasa da cokali, mai lafiya yana ƙara, mai ɓoyayyen tsagu muryarsa a dushe take. Sannan ki shafa musu manja da kurkum ki bar su su kwana.

Yaya Babba: Na yarda da gwajin. In mai arahar ya faɗi zan faɗa a nan.

*Bayan kwana biyu*

Maman Iman: Na yi yadda Baffa ya ce, ni da yara. Manja da kurkum sun kwana a kan duka ukun, da safe na goge da soso da omo, duka sun fita tas, ba wanda ya riƙe ko ɗigo.

Yaya Babba: Alhamdu lillahi. Me na ce?

Maman Iman: Tsaya Yaya, da saura. A kwalin mai araha, cikin 50, guda 8 suna rawa sosai in an haɗa su, 3 suna da ƙananan ramuka kamar tsinin allura a fuska, nan ne kawai na ga kurkum ya ɗan maƙale sai da na sa tsinke. Da na shimfiɗa su a rana kuma, wasu sun fi wasu duhu, Iman ma ta gani ba tare da na nuna mata ba. Na tsakiyan guda ɗaya ne kusurwarsa ta guntule, sauran sun kwanta lafiya, launi ɗaya. Na Sifen guda huɗu ne kawai a hannuna, ban ga aibi ba, akwai sunan ƙasar a baya, kuma gaskiya fuskarsa ta fi santsi in an karkata shi ga haske. Amma sai na karkata ɗin nake gani.

Baban Sadik: 11 cikin 50 ya haura kashi 20 cikin 100. Ki ɗora a kan kashi 10 da ake ƙarawa dama saboda yanka da fashewa. Ki ƙara kwanakin mai aiki. Ratar da ke tsakaninsa da na tsakiyan ta kusa rufewa.

Yaya Babba: Ba ta rufe ba. Masu rawar ai ba zubarwa za a yi ba, su za a yanka a kusurwa, su za a sa a bayan firji. Na yarda wannan kwalin ba zaɓin farko ba ne, na faɗa kamar yadda na yi alkawari. Amma ku ma ku yarda, wanda ya ninka shi huɗu bai nuna abin ninki huɗu ba. Da ban yi magana ba da shi za ta saya don an ce na Sifen ne.

Baban Sadik: Wannan na ba ka. Ni ma a bangon kicin ba zan ce ta biya ninki huɗu ba. Amma maganar tsagewar fuska da Baffa ya yi tana nan, kwana ɗaya ba ya nuna ta.

Yaya Babba: Haka kuma ba ya nuna cewa na tsakiyan ba zai yi ba.

Baffa: Gaskiya ne, ba ya nunawa. Abin da ke hannunta shi ne suna a kwali da lambar launi, da mai shagon da ya san daga inda ya ɗauko. 'Yata, ki sa ya rubuta miki sunan da lambar a rasit.

Maman Iman: Na tsakiyan zan ɗauka, a bango biyu, sauran babban fari na gida kamar yadda Auta ya ce. Ɗan Gwaggo, kwali nawa?

Ɗan Gwaggo: Sai na zo na auna da kaina, amma ki sa ran 13 zuwa 15 har da rara. Ki saya gaba ɗaya rana ɗaya, ki tsaya a duba lambar launin kowane kwali kafin a loda a mota, kuma ki ajiye kwali ɗaya a sito don ranar da mai famfo zai fasa bango. Zan fara duba filastar da dogon katako, in bangon yana da ciki sai an gyara, ƙaramin tayil yana bin duk yadda bango ya yi. Da gam zan manna, ba siminti da yashi ba, da 'yan robobin tsakani na milimita 2. Kuɗin da kika rage daga na Sifen, a nan nake so ki sa shi.

Gwaggo: Tsagar fa? Ni ita ce damuwata tun farko.

Ɗan Gwaggo: Ba farin siminti zalla ba, Umma. Akwai garin cike tsaga na musamman mai launi, akwai kuma na ifoksi wanda maiƙo ba ya shigarsa, sai dai yana da tsada kuma yana saurin daskarewa a hannu, balle da zafin nan. Shawarata a sa ifoksi a bayan murhu kawai, mita biyu ne, sauran a sa na gari, launinsu ɗaya.

Maman Hanif: Ki sa mai ruwan toka mai haske. Baƙi yana fito da jerin sosai, amma yana fito da duk wata karkata tare da shi.

Maman Iman: Ni fari a kan fari na gani na so.

Gwaggo: Zo gidana gobe bayan la'asar ki ga fari a kan fari bayan shekara uku, sannan ki yanke. Ki taho min da guda biyu na tsakiyan in gani da idona.

Maman Iman: To Gwaggo, in sha Allahu ina nan tafe. Ɗan Gwaggo, in za ka samu zuwa awon ranar Juma'a bayan masallaci, maigidan yana gida.

Ɗan Gwaggo: Zan zo da tef da katakon. A kwashe kayan da ke jikin bangon kafin in iso.